Amsoshin Tambayoyinku: Tun da na haihu ƙarfina bai dawo ba

Tambaya: Shekara huɗu ke nan da na haihu a gida, jini ya ɓalle mini har sai da aka kai ni asibiti aka yi mini ƙari. Ruwan nono bai zo ba, al'ada ma ba ta dawo ba. Kullum kasala da jin sanyi, ko ana tsananin zafi. Na yi gwajin maƙoƙo an ce lafiya lau, amma wani likitan ya ce matsalar daga kai take. Wuyana kuwa bai kumbura ba. Ina haɗin kai da maƙogwaro? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ba a gane ciwo ta wasiƙa, amma maganar likitan nan na biyu ba shaci-faɗi ba ce.

A gaban wuya akwai wata tsoka da ake kira tayirod, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki: ɗumi, kuzari, bugun zuciya, har tafiyar hanji. Sai dai 'yar aike ce, ba ta motsi sai an sa ta. Mai sa ta aikin wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta kamar ƙwayar wake, sunanta fituwitari, ita ma tana karɓar umarni daga ƙwaƙwalwa. Saƙon da take aika wa wuya shi ne TSH.

Nan ne gwaji ke ruɗa mutane. Idan tayirod ce ta gaza, fituwitari kan ɗaga murya, sai TSH ya yi sama a gane nan take. To idan mai kiran ce ta kwanta fa? Sai a ga TSH ƙasa, ko ma daidai, alhali aiki ya tsaya. Wanda ya auna TSH kaɗai zai sallame ki ya ce ba komai. Dole a haɗa da gwajin T4, wato sinadarin tayirod ɗin kansa. Kuma tunda ba a matsa wa tsokar wuyan ba, ba ta da dalilin kumbura. Gishiri mai aidin ma, duk amfaninsa, ba ya maganin wannan.

Labarinki ya yi kama da abin da wani likitan Birtaniya, Harold Sheehan, ya bayyana a 1937, har ciwon ya ɗauki sunansa. Lokacin goyon ciki fituwitari tana ƙara girma don shirya nono, tana buƙatar jini fiye da da. Idan jini ya zuba da yawa wajen haihuwa, sai wani sashe nata ya mutu. Alamar farko ita ce rashin ruwan nono, sai ɗaukewar al'ada, gashin hammata da na mara su zube, fata ta bushe, bayan gida ya yi tauri. Abin na zuwa a hankali, shi ya sa mata kan shekara da shekaru ana cewa wankan jego ne ba su yi da kyau ba, ko kuma lalaci ne. Wannan zargin yana ba ni takaici, domin wanka ko kunun kanwa ba su taɓa tayar da tsokar da ta mutu ba.

Ba mata kaɗai ciwon fituwitari ke samu ba. Ƙari a fituwitari, buguwar kai a hatsarin babur, tiyata ko gashin daji a kai, duk suna jawo shi. Don haka akan ɗauki hoton MRI.

Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne kada ki sayi ƙwayar tayirod a kemis ki fara sha. Fituwitari ce kuma ke sa a fitar da kotisol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da sukari idan jiki ya shiga wahala. In shi ma ya yi ƙasa aka fara da maganin tayirod, mutum na iya yanke jiki ya faɗi, har a rasa rai. Likita zai auna kotisol tukuna, in ya gaza a fara ba ki haidirokotison, sannan maganin tayirod, wato lebotairoksin, ya biyo baya.

Shi lebotairoksin da safe ake sha da ruwa, kafin karin kumallo da rabin awa zuwa awa ɗaya, a raba shi da maganin ƙarin jini da awa huɗu. Galibi shansa na tsawon rai ne, kuma da T4 ake daidaita yawansa, ba da TSH ba. Ki nemi a tura ki asibitin koyarwa wajen likitan sinadaran jiki, ki tafi da duk takardun gwajinki, ki fara masa da labarin ranar haihuwar nan.