Tasowa Cikin Rashi Da Halin Mutum

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan tabon da talauci ke bari a zuciyar yaro ne, wanda kan bi shi har furfura.

Ƙasar Guri, cikin masarautar Haɗejiya, ƙasa ce ta fadama. In kogi ya kawo, a sami shinkafa da kifi da ciyawar dabbobi. In ya ƙi, sai a shiga wani hali. Farin 1973 da na 1984 sun cinye amfanin gona da dabbobi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya saukar ruwa, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai. Yara da yawa sun taso suna ganin rumbu ya ƙare tun kaka da sauran nisa, iyayensu maza kuwa sun tafi cin rani.

Yaron da ya taso haka yakan fita da ɗayan hali biyu. Wani ya san zafin yunwa, don haka ba ya iya ganin mayunwaci ya kau da kai. Wani kuwa tsoron komawa gidan jiya ya kama shi, ko ya samu ba ya ƙoshi, ya zama marowaci, har ya riƙa jin kunyar ƙauyen da ya fito.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, maraya ya tashi, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada ɗan kaɗan. A cikin Suratul Duha Allah Ya tuna masa maraicinsa da rashinsa, da yadda Ya wadata shi, sa'an nan Ya hana shi ƙuntata wa maraya da korar mai roƙo. Ke nan tuna wahalar ƙuruciya hakki ne yake ɗora wa mutum.

Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, shi ma maraya ne. An ruwaito cewa a kan ƙasusuwa yake rubuta karatunsa saboda rashin kuɗin takarda, amma da ya girma ya shahara da kyauta.

Wannan ba yabon talauci ba ne, gama Annabi da kansa ya nemi tsari daga gare shi. Abin da ke raba halayen nan biyu shi ne tarbiyya. Ya wajaba iyaye su koya wa yaro sana'a da wadatar zuci, kada su saba masa da miƙa hannu. Mawadata kuma su fitar da zakkar hatsi ba tare da gori ba, domin yaro yakan manta yunwa, amma da wuya ya manta ranar da aka wulaƙanta mahaifinsa a gabansa.

Allah Ya sa a dace, amin.