Darasin Lambu: Ciwon Ƙaro A Gindin Lemo

Jama'a masu lemo a bayan gida, darasinmu na wannan mako a kan ciwon ɓawo ne. Duk wanda ya leƙa kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ya san lemo kuɗi ne, balle lemon tsami in azumi ya kama. To, itace guda in ya mutu, shekarun reno ne suka tafi a banza.

Alamarsa ita ce wannan: sai ka ga wani ruwa mai danƙo kamar ƙaro yana tsattsafowa daga gindin itacen, dab da ƙasa. Ɓawon wurin ya yi duhu, ya bushe, ya tsage. Ganye ya soma rawaya yana zuba. Wani lokaci itacen ya cika da 'ya'ya ƙanana, mai shi yana murna, alhali kuwa ban kwana yake yi.

Mai kawo ciwon wata ƙwayar cuta ce da masana ke kira Fitoftora. A jiƙaƙƙiyar ƙasa take zama. Mu da kanmu muke buɗe mata ƙofa: mu karkata ruwan wanke-wanke zuwa gindin itace, mu tula masa ƙasa da taki har wuya, mu ɗaure akuya a jikinsa, ko fartanya ta sare shi wajen noma. Ta cikin ɓawo abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. In gyambon ya zagaye gindin, hanya ta yanke ke nan.

Ga yadda za mu yi:

1. A janye ƙasar da ta rufe gindin, wurin ya sha iska.
2. A gasa wuƙa mai kaifi a wuta, a kankare ruɓaɓɓen ɓawon har a shiga lafiyayye kamar rabin inci. Kada a sassaƙi itacen ciki.
3. A kwashe abin da aka kankare a ƙone.
4. A sayi garin maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe a kantin kayan gona, a dama shi da kauri kamar kunu, a shafe gyambon. In ruwan sama ya wanke, a sake.
5. A kewaye gindin da ɗan tudu nesa da shi kamar kamu guda, ruwan ban ruwa ya tsaya daga waje.

In ciwon ya ci fiye da rabin zagayen gindin, kada mu yaudari kanmu, a tuge shi. Sabon dashe a sa shi kan tudu, gaɓar auren ta ɗara ƙasa da inci 6 ko fiye.

Lemo yana son ruwa a saiwa, ba ya son sa a wuya. A riƙa duba gindi duk mako, musamman da damina. Allah ya ba da sa'a.