Tambaya da Amsa: Sautin da Ake Cewa Yana Kawo Barci Ya Juya Mafarki

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a jami'a, kuma tun da jarrabawa ta matso barci ya ƙaurace mini. Sai in kwanta ƙarfe 11 amma idona biyu har wajen 2 na dare. Wani abokina ya turo mini wani sauti daga YouTube, wai shi bainoral, ya ce in sa iyafis a kunnuwa biyu in kwanta. An rubuta cewa yana kai ƙwaƙwalwa cikin barci mai nauyi. Akwai wanda aka ce yana sa mutum ya gane mafarki yake yi har ya juya shi yadda yake so, akwai na buɗe kai don karatu, har da wanda suka ce yana bugarwa kamar ƙwaya. Na gwada na barcin, wani daren ya yi mini aiki, wani daren bai yi ba. Yayata ta ce in daina kada in jawo wa kaina taɓin hankali. Don Allah Malam, gaskiya ne ko damfara? Kuma yana da illa?

Wani ɗalibi, daga Zariya

AMSA

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Ka gaya wa yayarka ta kwantar da hankalinta, wannan sauti ba ya haukata mutum. Sai dai abokinka ma ya rage murna, domin yawancin abin da aka rubuta a jikin bidiyon talla ce.

Abin da ke cikin sautin ba wani sirri ba ne. Ana saka wa kunnenka na hagu amo ɗaya mai kaɗawa, misali, sau 200 a daƙiƙa, na dama kuma wani mai kaɗawa sau 204. Maimakon ka ji amo biyu, sai ka ji guda ɗaya yana kumbura yana sacewa, wuu-wuu-wuu, sau 4 a daƙiƙa, wato bambancin da ke tsakaninsu. Wannan bugun ba ya cikin wayarka, ba ya kuma cikin iska. A cikin kanka yake haifuwa, can ƙasan ƙwaƙwalwa inda jijiyoyin kunnuwan biyu suka fara haɗuwa. Aikin wannan wurin na yau da kullum shi ne kwatanta abin da kunnen hagu ya ji da abin da na dama ya ji, da haka kake gane ta wane ɓangare mashin ke tahowa ba tare da ka waiwaya ba. Yau da dare ka gwada: kana cikin saurare ka zare iyafis ɗaya. Bugun zai ɓace nan take, ya bar ka da amo miƙaƙƙe. Idan kuwa bai ɓace ba, wanda ya ɗora bidiyon ya gauraya sautukan tun daga can, abin da kake ji ba bainoral ba ne. Haka nan idan ka kunna shi ta sifikar waya, a iska amon biyu za su haɗu, irin gurnanin nan mai hawa da sauka da kake ji idan janareta biyu suna aiki kusa da juna. Bugun kuma yana da iyaka: amon ya zama ƙasa da kaɗawa 1,000 ko kusa da haka, bambancin kuma kada ya wuce 30 sosai, in ba haka ba kunne sai ya rarrabe su ya ji amo biyu.

Wani Bajamushe masanin yanayi, Heinrich Wilhelm Dove, shi ya fara bayyana abin a 1839, kuma an daɗe ana kallonsa a matsayin abin mamaki kawai. A 1973 Gerald Oster ya yi rubutu a kansa a mujallar Scientific American, yana ganin za a iya amfani da shi wajen binciken yadda ji ke aiki da gano wasu cututtukan jijiya. Wanda ya mayar da shi haja shi ne Robert Monroe, ɗan kasuwar rediyo a Amurka, wanda ya ce ruhinsa yakan fita daga jikinsa ya yi yawo, har ya rubuta littafi a kan haka a 1971. Ya kafa cibiya a jihar Bajiniya yana sayar da kaset mai suna Hemi-Sync. Wasu jami'an sojan Amurka sun je can horo, kuma a 1983 wani hafsa, Wayne McDonnell, ya rubuta rahoto a kan shirin, wanda hukumar leƙen asiri ta CIA ta saki a 2003. Idan ka ga masu TikTok suna cewa CIA ta tabbatar da sautin, wannan takardar suke nufi. Hasashen mutum ɗaya ne yana ƙoƙarin bayyana yadda abin zai iya yiwuwa, ba a auna kowa ba a ciki.

To daga ina maganar barci ta shigo? Tun 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna lantarkin da ke gudana a ƙwaƙwalwar mutum ta hanyar manna wayoyi a fatar kai. Daga baya aka gano cewa wannan lantarki yana kaɗawa da sauri daban-daban gwargwadon halin da mutum ke ciki. A barci mai nauyi yakan yi ƙasa da 4 a daƙiƙa, shi ake kira delta. Lokacin gyangyaɗi tsakanin 4 da 8, wato tita. Mai hutawa ido rufe, 8 zuwa 12, alfa. Mai aiki da tunani, 13 zuwa 30, bita. Sai masu sayar da sautin suka ce, tunda mai barci ƙwaƙwalwarsa tana kaɗawa sau 3, mu jiyar da shi bugu mai sau 3, za ta bi, barci zai zo. Maganar tana da daɗin ji, amma an tsallake rijiya biyu a cikinta. Ta farko, ɓangaren da ke jin sauti ya bi bugun ba ya nufin dukan ƙwaƙwalwa ta bi. Ta biyu, waɗannan kaɗe-kaɗen alama ce ta halin da ake ciki. Hayaƙi a madafa yana nuna ana girki, amma turnuƙa hayaƙi ba ya dafa tuwo.

Masu bincike sun gwada, kuma sakamakon ya rarrabu. A 2023 wasu masana a Jamus sun tattara bincike 14 da aka yi da na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa don a ga ko tana bin bugun. Biyar sun ce ta bi, takwas sun ce ba ta bi ba, ɗaya ya fito rabi da rabi. Inda sautin ya fi nuna amfani shi ne rage fargaba. A 2005 an gwada shi a Ingila a kan marasa lafiya masu jiran shiga ɗakin tiyata: waɗanda suka saurari kiɗa mai bugun fargabarsu ta ragu da kashi 26 cikin ɗari, masu kiɗan ba bugu kashi 11, waɗanda ba a ba komai ba kusan kashi 4. A 2019 wasu masana a Sifen suka haɗa bincike 22 suka ga tasiri matsakaici a kan fargaba, jin zafi da riƙe abu a ka. A kan barci kuwa, wanda ake yawan ambata shi ne na Jami'ar Mahidol ta Tailan a 2018, inda bugu mai sau 3 ya tsawaita barci mai nauyi. Amma mutum 24 kacal aka gwada, masu lafiya, a ɗakin bincike. Wannan ya isa ya sa a ci gaba da nema, bai isa likita ya rubuta maka shi a takarda ba.

Na buɗe kai don karatu shi ne zan ce ka ajiye, musamman yanzu. A 2023 masu bincike a Foland sun sa mutum 1,000 sun amsa tambayoyin gwajin basira a gidajensu, kuma makin waɗanda ke sauraron bugun ya faɗi maimakon ya tashi, ko an gaya musu zai taimake su ko ba a gaya musu ba.

Saura mafarki. Mutum ya gane yana mafarki alhali yana cikinsa abu ne da ke faruwa, an kuma tabbatar da shi. A 1975 Keith Hearne a Ingila ya shirya da wani mai barci cewa in ya gane yana mafarki zai juya idanunsa hagu da dama, na'ura kuma ta kama wannan alama. Stephen LaBerge ya sake nuna haka a Jami'ar Stanford. A 2014 wasu masana a Jamus suka ce sun jawo irin wannan mafarki da lantarki mara ƙarfi mai kaɗawa sau 40 da aka bi da shi ta goshin masu barci. Za ka ga lambar 40 ɗin nan a bidiyoyi da yawa, amma lantarki aka yi amfani da shi a can, ba sauti ba, kuma da aka sake gwajin a Kanada ba a sami wannan sakamako ba. Hanyar da ta fi samun shaida ba ta buƙatar iyafis: mutum ya farka bayan kamar awa 5 na barci, ya tuna mafarkin da ya yi, ya ƙudurta a ransa cewa in ya koma zai gane yana mafarki, sannan ya koma. Wani bincike a Ostireliya a 2017 ya ga hakan ya yi nasara a kashi 17 cikin ɗari na gwaji. Dalili shi ne barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, abin da duk mai komawa bayan sallar Asuba ya sani, don a nan ne mafarkai ke zuwa rututu. Amma kai ba na ba ka shawarar wannan. Hanya ce ta yanka barci gida biyu, wanda ba ya samun isasshe kuwa ba shi da abin yankawa, ga shi kuma karyayyen barci yakan jawo dannau.

Maganar bugarwa kamar ƙwaya ta taso ne daga wani kamfani mai suna I-Doser da ke sayar da sautuka da sunayen miyagun ƙwayoyi. A 2010 hukumar yaƙi da ƙwaya ta jihar Oklahoma ta gargaɗi iyaye, jaridu suka yi ta yayatawa. Ba wani sinadari da ke shiga jini ta kunne. Yaro ya kwanta a ɗaki mai duhu, ido ɗaure, minti 30 yana jin gurnani, an kuma riga an gaya masa zai ji jiri, ai kuwa zai ji wani abu. Abin da ya fi damuna a nan shi ne yaron da ke neman abin da zai gusar masa da hankali, domin in sauti bai yi masa ba, kodin da tiramol ba su da nisa.

To me ya sa wani daren ya yi maka aiki? Domin a daren ka ajiye littafi, ka rufe ido, ka kwanta shiru, amon ya danne hayaniyar maƙwabta, ya kuma ba zuciyarka abin bi maimakon lissafin kwas ɗin da ba ka karanta ba. Ƙarar fanka ko ta ruwan sama tana yi wa mutane da yawa wannan aikin. In kana son sanin ko bugun ne da kansa, ka sa abokinka ya ba ka sauti biyu masu kama da juna, ɗaya mai bugu ɗaya babu, ya canza musu suna, ka riƙa jin su bi da bi na mako biyu kana rubuta yadda ka kwana.

Illarsa ta gaskiya tana kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai ma'auni 80, wato kamar hayaniyar titi mai cunkoso, kada babba ya wuce awa 40 a mako yana jinta. Wanda ya kwana awa 8 kullum da iyafis a wannan ƙarar ya yi awa 56, ban da abin da ya ji da rana. Saboda haka ka rage ƙarar har ta zama kana iya jin mai yi maka magana a ɗakin, ka sa ta mutu da kanta bayan minti 30. Iyafis da ya kwana a kunne cikin zafi yana tura dauɗa ciki, yana tara gumi, yakan kawo ƙaiƙayi da ciwo. Kada ka ji shi kana tuƙi. Mai farfaɗiya, ko wanda kunnensa ke ƙugi, ko mai shan maganin ƙwaƙwalwa, ya tambayi likitansa tukun. Ka sauke sautin a waya tun da rana, don wanda ya shiga YouTube ƙarfe 11 neman sautin barci yakan tsinci kansa ƙarfe 1 yana kallon ƙwallo.

Ba ka faɗa mini abin da kake sha don karatun dare ba, amma na san halin ɗalibai. Sinadarin da ke cikin kofi, shayi, goro da lemon ƙara kuzari yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Kofin da ka sha ƙarfe 9 rabinsa yana nan ƙarfe 2, daidai lokacin da ka ce idonka biyu. Ka tsayar da su daga azahar. Ka tashi lokaci ɗaya kullum ko da daren bai yi kyau ba, ƙailula kuma kada ta wuce minti 30. Kada ka yi karatu a kan gadon da kake kwana. In ka kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka zauna a haske kaɗan har ka ji gyangyaɗi, sannan ka koma.

Rashin barcin jarrabawa yakan tafi tare da jarrabawa. Idan an gama amma abin ya ci gaba, dare uku ko fiye a mako har wata uku, ko ya zo da ƙuncin rai, rashin son abinci, faɗuwar gaba, ko abokan ɗakinka suka ce kana minshari numfashinka na ɗaukewa, ka je asibitin makaranta ka ga likita. Kada ka sayi ƙwayar barci a kemis da kanka, irin su diyazafam suna da saurin kama jiki, kuma barinsu ya fi fara su wuya.