Amsar Tambaya: Wasan Kwaikwayo a Ƙaramar Sakandare

Tambaya: Ina koyar da wasan kwaikwayo a Agyaragu, amma iyaye na cewa ɓata lokaci ne. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, ki fara da abin da yaran suka riga suka sani. Ɗan shekara 13 da ya taso a Agyaragu ya san yadda dillali ke cinikin doya, ya san muryar direban da ke jiran lodi a hanyar Lafiya zuwa Makurɗi. Ki sa su kwaikwayi wannan ciniki, su tsara maganar da kansu, da Hausa ko da Migili, sannan su rubuta ta. A nan yaron da bakinsa ke rawa a gaban aji zai koyi ɗaga murya, rubutu kuma ya zame masa dole. Daga baya sai ki kawo musu Wasan Marafa na Abubakar Tunau.

Bayan maganar ɓata lokaci, iyayen da ke tsoron lalacewar tarbiyya suna da hujja, finafinai suke tunawa. Sai dai wasunsu sun yi tashe da azumi suna yara, wasan da ke gyara hali cikin raha. Ki gayyace su kallo, a tashi daga gwaji kafin la'asar, kuma kada ki tilasta wa yarinya fitowar da gidansu ba su yarda da ita ba.