Digoxin: Maganin Zuciya Mai Bukatar Lura a Gida

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7

Sa'ad da Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo har ya kai bakin mutuwa, ya yi addu'a da kuka, Ubangiji kuwa ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya umarta a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Alkawarin warkarwa bai hana yin magani ba. Wannan darasi yana magana a kan wani magani da ake samu a gidajen masu bi da dama, musamman inda akwai tsofaffi, wato digoxin, wanda ake kuma sayarwa da sunan Lanoxin.

Zuciyar babban mutum mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, bugu a jere. Akwai wata cuta wadda ɗakuna biyu na saman zuciya sukan riƙa karkarwa maimakon su matsa yadda ya kamata, sai bugun ya rikice, ya yi sauri, wani lokaci ya haura 140. Mai ciwon yakan ji faɗuwar gaba, haki, jiri da kasala. Digoxin yana rage yawan saƙon da yake sauka daga saman zuciya zuwa ƙasanta, bugun ya lafa, yana kuma ƙara wa tsokar zuciya ƙarfin matsawa. Likitoci a yau sukan fara da wasu magunguna kamar bisoprolol ko diltiazem, su kawo digoxin idan waɗannan ba su isa ba, ko kuwa idan zuciyar ta raunana har ƙafafu suna kumbura. Amma digoxin ba ya hana jini daskarewa a cikin zuciya, wanda shi ne yake jawo shanyewar ɓarin jiki. Wannan aikin warfarin ne da 'yan'uwansa, saboda haka wanda aka ba shi duka biyu kada ya ajiye ɗaya.

Asalin maganin ganye ne. A shekara ta 1785 wani likita a Birmingham ta ƙasar Ingila, William Withering, ya wallafa abin da ya gano cikin kimanin shekara goma yana gwada ganyen foxglove a kan masu kumburin jiki, har da illar da yake yi idan ya yi yawa. A 1930 aka tace digoxin daga wani jinsin wannan tsiro. Tsire-tsire masu irin sinadarinsa ba baƙi ba ne a ƙasarmu: kwankwani, wanda maharba suke haɗa dafin kibiya da shi, da tumfafiya, dukansu suna ɗauke da sinadarai masu aiki a zuciya irin nasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tazarar da take tsakanin magani da dafi a nan 'yar kaɗan ce. Ƙwayar da aka saba bayarwa ita ce ta 0.125mg ko 0.25mg, sau ɗaya a rana, kuma ninka ta yana iya kai mutum ga halaka.

Ƙoda ce take fitar da digoxin daga jiki, a hankali kuwa take yi. Ko ga mai lafiyar ƙoda, sai bayan kwana ɗaya da rabi rabin abin da ya sha yake fita. Idan ƙoda ta raunana saboda tsufa, ciwon sukari ko hawan jini, ko kuwa gudawa da amai sun ƙarar da ruwan jiki, maganin yakan taru ko da mutum bai ƙara ƙwaya ko ɗaya ba. Haka kuma maganin sa fitsari irin su Lasix, wanda sau da yawa ake bayarwa tare da shi, yana zubar da sinadarin fotasiyam, ƙarancinsa kuwa yana ƙara wa digoxin dafi. Shi ya sa likita yake neman gwajin jini lokaci lokaci. Kuɗin gwajin ba asara ba ne, ko da mai ciwon yana jin garau.

Alamun taruwar maganin suna da ruɗarwa ƙwarai. Mutum yakan rasa sha'awar abinci, ya ji tashin zuciya, amai, gudawa, gajiya mai tsanani. Tsoho yakan rikice, ya yi ta magana ba kan gado. Wasu sukan ga abubuwa sun koma rawaya ko kore, ko su ga zobe kewaye da fitila. Kusan kowane gida da ya ga Baba yana amai da kasala zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aiki yaro kemis, a ci gaba kuma da ba shi ƙwayarsa ta zuciya. Kwinin kuwa yana ƙara yawan digoxin a jini, haka ma erythromycin da clarithromycin, da magungunan zuciya amiodarone da verapamil. Ibuprofen da diclofenac, da tsofaffi suke sha don ciwon gwiwa, suna taɓa ƙoda. Duk mai shan digoxin da ya nuna waɗannan alamu, a dakata da ƙwaya ta gaba, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da kwalin maganin da duk wani jiƙo ko sassaƙe da yake sha.

Ya kamata a sami mutum ɗaya a gida da ya iya ƙirga bugun jini. Yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, a ƙirga har minti ɗaya cif kafin a sha maganin. Idan ya gaza 60, a tuntuɓi likita kafin a sha. Wanda ya manta da ƙwayar jiya kada ya haɗa biyu yau. A ajiye kwalin inda jikoki ba za su kai ba, gama 'yan ƙwayoyi kaɗan suna iya kashe ƙaramin yaro.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi ikkilisiya kai tsaye. Na farko azumi ne. Ikkilisiyoyi da yawa sukan buɗe shekara da azumi da addu'a, waɗansu ma ba ko ruwa. Mai shan digoxin tare da maganin fitsari, idan ya yini cikin zafi bai sha ruwa ba, ya sa ƙodarsa cikin hatsari. Ya nemi shawarar likita tukuna, fastoci da dattawa kuma su faɗa a fili cewa marasa lafiya ba su ƙarƙashin tilas. Na biyu shi ne shaida. Yakan faru a yi wa mutum addu'a a taron farkawa, ya ji sauƙi, ya zubar da magungunansa don ya nuna bangaskiya. Sauƙin yana iya daɗewa 'yan kwanaki domin sauran maganin yana nan a jini, daga baya bugun ya koma sauri, huhu ya cika da ruwa. Yesu da kansa ya aiki kuturun da ya warkar ya je firist ya duba shi (Markus 1:44). Wanda ya gaskata ya warke, ya koma asibiti a auna zuciyarsa, likita ne zai ce a rage ko a daina.