Hannun da Ya Shanye: Akwai Aikin Bincike a Nan

Da wuya ka samu unguwar da babu dattijon da hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa ya shanye. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, wurin da ya rasa jini ya mutu, kuma ba ya dawowa. To yaya aka yi wani ke sake riƙe cokali bayan wata shida? Sassan da ke maƙwabtaka da wurin ne ke karɓar aikin, amma fa sai an matsa musu da maimaici.

Edward Taub, wani mai bincike a Amurka, ya lura cewa birin da aka yanke wa jijiyar ji a hannu ɗaya yakan watsar da hannun, alhali yana iya motsa shi. Da aka ɗaure mai lafiyar, sai ya koma amfani da wancan. Haka mutum ma: in ya gwada ya kasa, sai ya saba da barin hannun, 'yan gida kuma don tausayi su riƙa ba shi abinci a baki. Daga nan aka samo dabarar rufe hannu mai lafiya da safa, a sa majinyaci atisaye har awa 6 kullum na mako 2. Gwajin da aka buga a 2006, da mutum 222, ya nuna tana aiki.

Sai dai wane asibitinmu ne ke da ma'aikacin da zai zauna awa 6 da mutum ɗaya? Shi ya sa masu bincike a Jami'ar Bayero suka duba ƙirga yawan maimaicin a maimakon awanni. A ganina nan ne ƙofarmu, mu 'yan foli. Wa zai haɗa na'ura mai araha da za ta ƙirga motsin hannu a gida? Ɗan lantarki da ɗan kwamfuta. Wa zai tantance alƙaluman? Ɗan lissafi.

Mai HND yakan fara da PGD, sannan digiri na biyu, sai na uku. Taɓa majinyaci kuwa sai mai lasisi, don haka dole ka haɗa kai da ma'aikatan fisiyo. Ka sani kuma kuɗin bincike ƙalilan ne, ga jiran izinin kwamitin asibiti kafin ka gwada komai a jikin mutum. In furojet ɗinka na ƙarshe kake son yi a kan wannan, nemi izinin tun a zangon farko.