DARASI: HAƘƘIN MARAƘI A KAN MAI SHI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ƴan uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani nau'in kiwo da aka sani a Turai da Amurka, wato kiwon maruƙa domin farin nama.

Asalin al'amarin shi ne, saniya ba ta kawo nono sai ta haihu. Masu gonakin madara nonon suke so, maraƙi namiji kuwa ba ya da amfani gare su. Don haka sai su raba shi da uwarsa kwana ɗaya ko ƴan kwanaki bayan haihuwa, su sayar ga masu turkawa. A da, akan sanya shi cikin akurkin katako mai faɗin santimita 60 ko kusa da haka, inda ba ya iya ko juyawa, domin kada namansa ya yi tauri. Ana shayar da shi madarar da aka rage wa sinadarin ƙarfe, ba ciyawa ba harawa, har ƙarancin jini ya kama shi. Ke nan farin naman da ake tsadarsa, ciwo ne aka sanya wa dabba da gangan.

Mutanen ƙasashen sun yi ta kuka da wannan zalunci. Ingila ta hana akurkin a 1990. Tarayyar Turai ta yi doka a 1997, wadda ta hau kan dukkan gonaki a farkon 2007: ba a keɓe maraƙin da ya wuce mako 8 sai don jinya, dole ya sha dakashi cikin awa 6 na farko, a kuma ba shi abin tuƙa da isasshen sinadarin ƙarfe. Amma raba shi da uwa da wuri yana nan ana yi a Holan da Faransa da Italiya, inda wannan sana'a ta fi ƙarfi.

Shari'a ta halatta yanka, amma ba ta halatta azabtarwa kafin yanka ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce su da su mayar mata. A Muhtasar, Shehu Halilu ya bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne ga mai ita, kuma ba a tatsar abin da zai cutar da ɗanta.

Kada mu ce wannan magana ta Turawa ce kawai. Wani sashe na madarar gari da ke kasuwanninmu daga irin waɗancan gonaki yake fitowa. Ga kuma abin da ke gidajenmu: da rani, lokacin da nono ya yi tsada, wani sai ya tatse hantsa ƙaf, ya bar maraƙi a dangwali cikin rana yana kuka. Ya ɗan uwa, ka bar masa dakashinsa duka, ka rage masa rabonsa a kowace tatsa, ka ba shi inuwa da ruwa. Shi ba ya da bakin kai ƙara a duniya, amma za a tambaye ka game da shi ranar Alƙiyama.

Allah ya sanya rahama a zukatanmu, ya yafe mana abin da muka gaza. Wassalamu alaikum.